Idan jif ta nuna P0420: abin da za a duba kafin a taɓa indomi

Daga Roni zuwa Kazaure da Gwiwa, har Babura a bakin iyakar Nijar, manyan motocin da ke ɗaukar nauyin jama'a galibi tsofaffi ne: Highlander, RAV4, Lexus RX, CR-V, Pilot, Pathfinder. Sun gama wata rayuwar a Amurka ko Kanada kafin su sauka a Legas ko Kwatano, kuma da yawansu da mil suke lissafin tafiya, ba da kilomita ba. Wanda ya ga 150,000 a dashbod, to ya sani motarsa ta ci kilomita 240,000 ne. Motar da ta kai nan, ko ba daɗe ko ba jima fitilar nan mai hoton inji za ta kama, a jona sikana, ta fito da P0420.

Abin da yakan biyo baya a gareji sananne ne: "Alhaji, indomi ce ta mutu. Ko dai a sayo wata, ko mu fasa mu zubar da ita, mota ta sha iska." Duka biyun gaggawa ce. Na farko zai iya cinye kuɗi masu yawa, fitilar kuma ta dawo bayan wata biyu. Na biyu ya raba ka da abu mai daraja, ya bar ainihin ciwon a cikin inji yana ci gaba da aikinsa. Indomi ba ta da wani ɓangare da ke motsi, ba kasafai take mutuwa don kanta ba. Yawanci wani abu ne daga sama yake kashe ta, kuma aikin mai bincike shi ne ya gano wannan abin.

Sai an fara sanin abin da take yi. A cikin wannan tukunyar ƙarfe da ke jikin salansa akwai dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ramuka, an shafe su da ƙarafa masu tsada guda uku: filatinom, faladiyom da rodiyom. Idan ta yi zafi, daga wajen digiri 300 zuwa sama, hayaƙin da ke ratsa ta yakan sauya. Iskar guba da ragowar fetur da bai ƙone ba su koma iskar da ba ta kisa da tururin ruwa. Tun 1975 aka fara sa ta a motocin Amurka, kuma daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a can ta riƙa sa ido a kan indominta da kanta, ta tsarin OBD-II. Wannan ne soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona sikana.

Kwamfutar mota ba ta da hancin da za ta shinshina hayaƙi. Sensa biyu take saurara, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayanta. Lafiyayyar indomi tana riƙe iskar oksijin ta riƙa sakinta a hankali, don haka duk hawa da saukar da ake yi a gaba ba ya isa baya, sai sensan baya ya zauna kusan wuri ɗaya. Idan ta gaji, abin da ya shiga shi ke fita, sai na baya ya fara kwaikwayon na gaba. Idan kwamfuta ta ga haka a tafiya biyu a jere, sai ta kunna fitila. Ke nan P0420 maganar shaida ɗaya ce, kuma alƙalin kirki ba ya yanke hukunci sai ya tabbatar shaidan nan yana gani da kyau, ba kuma wanda ya ruɗe shi.

A inji mai silinda huɗu a jere, yawanci P0420 kaɗai za ka gani. A mai silinda shida irin na Highlander ko RX ko Pilot, ɓangare biyu ne: P0420 na ɓangaren farko, P0430 na na biyu. A waɗannan motocin ɓangaren farko shi ne na baya, wanda ke kusa da gilashin gaba, ba wanda ke fuskantar lagireto ba. Mutane da dama sun canza sensa mai lafiya saboda shi ne hannu ya fi saurin kaiwa gare shi. Idan kuwa lambobin biyu suka fito tare, ka fi zargin abin da ya haɗa ɓangarorin, kamar fetur ko sensan iska ko cin baƙin mai, don da wuya indomi biyu su gaza rana ɗaya ba dalili.

Abu na farko: kada a goge lambar, kada kuma a cire kan batir. Lokacin da kwamfuta ta kama laifin, ta ajiye bayanin halin da injin ke ciki a wannan daƙiƙar: zafinsa, gudunsa, juyinsa, da yadda take daidaita fetur. Gogewa tana share wannan duka. Ka sa a buɗe shafin, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Ƙaramar sikana irin ELM327, wadda ake haɗawa da waya ta Bluetooth, ta isa yawancin wannan aikin, ba dole sai an je Kano ba. Muhimmin abu shi ne mai riƙe da ita ya iya karanta bayanan da ke gudana yayin da inji ke aiki, ba lamba kawai ba.

Daga nan a duba ko akwai wasu lambobi tare da ita, har da waɗanda ke jiran tabbaci. Idan akwai P0300 zuwa P0306, inji yana mis. P0171 ko P0174, iska ta yi wa fetur yawa. P0172 ko P0175, fetur ya yi yawa. P0136 zuwa P0141, sensan baya ne ko wayarsa ko hitarsa. Kowace daga cikin waɗannan ita ake fara gyarawa, P0420 ta jira. Idan fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, wannan ba abin da za a ce bari a ƙarasa gida ba ne. Ɗanyen fetur ne ke zuba cikin indomi yana ƙonewa a can, kuma zai iya narka ta cikin ɗan lokaci. Ka sassauta totur, ka nemi wurin tsayawa.

Yanzu a shiga ƙarƙashin mota, a ramin gareji ko a kan tsayayyun ƙafafu, ba a kan jak kaɗai ba, kuma sai salansa ta huce. Tambayar farko a ƙasarmu ita ce: indomin ma tana nan kuwa? A 2021 farashin rodiyom ya kusa dala 30,000 kan kowane oza, kuma satar indomi ta zama ruwan dare a duniya. Wasu motocin tun kafin su iso hannun mai saye an yanke tukunyar, an kwashe cikinta, an mayar an yi walda. Ka nemi sabon layin walda a inda kamfani ba ya yi. Ka ƙwanƙwasa da tafin hannu ko gudumar roba. Tukunyar da babu komai ciki tana amsawa da ƙarar fanko, wadda cikinta ya farfashe kuma za ka ji tsakuwa na kaɗawa. In akwai ƙaramar kyamara mai igiya, a kwance sensan gaba a leƙa. Idan babu komai a ciki, binciken lambar ya ƙare, kwamfuta gaskiya ta faɗa.

Idan tana nan, sai a nemi huji. Nan ne na fi so mutum ya ɓata lokaci, domin nan ake samun gyara mafi araha. Hanyoyin ƙauyukanmu na burji, da kwazazzabai na damina, da tudun rage gudu da ake yi ba awo, duk suna dukan cikin mota. Ƙaramin tsagu a manifol, ko a ragar nan mai lanƙwasa, ko gaskit da ya ƙone kusa da sensa, yana zuƙo iskar waje tsakanin bugun hayaƙi, sai sensa ya ba da rahoton ƙarya. A tayar da inji da sanyin safiya a fili, ba cikin rufaffen shago ba. Wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙoƙi, kai kuma ka saurara. Tsagu yakan yi ƙarar tas-tas-tas da inji ke sanyi, ya yi shiru idan ƙarfe ya buɗe da zafi. Baƙin toka a gefen haɗi alama ce. Ruwan omo a kan haɗin zai yi kumfa kafin ƙarfe ya yi zafi. Mai walda a Kazaure zai iya gama wannan cikin awa guda.

Sai a koma kan sikana, inji ya yi zafi sosai. A fara da zafin ruwa: ya kamata ya kai wajen digiri 85 zuwa 95 ya tsaya. Akwai al'adar da ta yi katutu a garejinmu, ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Injin da bai kai zafinsa ba, musamman da asubahin hunturu, kwamfuta tana ƙara masa fetur, ya riƙa aika ragowar zuwa indomi, ga asarar mai a wannan zamani da aka cire tallafi tun Mayun 2023. A mayar da tamostat kafin a ci gaba da wani gwaji.

Daga nan a karanta adadin da ke nuna gyaran fetur, na gajeren lokaci da na dogon lokaci, wato STFT da LTFT. Idan an haɗa su suka wuce kashi 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa, akwai matsala a gaba. Idan sun yi sama a silo suka sauko da aka taka totur, iska na shiga ta wani tiyo da ya tsage. Idan suna ƙara hawa da nauyi, a duba famfon fetur da sensan iska da ke bayan filta. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabar wannan sensan ce, musamman inda ake busa filta da iskar falkaneza har ta yage a mayar da ita. Yana da feshinsa na musamman, kada a wanke shi da fetur, kada a taɓa siririyar wayarsa.

Yanzu gwajin da ya fi kowanne. A riƙe inji a juyi 2,500 na minti biyu ko uku don indomi ta yi zafi, a buɗe layin sensan baya a allon sikana. Wutarsa tana tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Idan indomi na aiki, layin zai kwanta, yawanci wajen 0.6 zuwa 0.8, yana ɗan motsi a hankali. Idan yana tsalle sama da ƙasa da sauri, babu huji, gyaran fetur kuma daidai, to indomi ta daina riƙe oksijin. A kula da Toyota da Lexus na shekarun 2000 zuwa sama: yawanci sensan gabansu wani iri ne daban, ba ya tsalle, yakan zauna kusa da 3.3, wasu ƙananan sikana kuma su nuna shi 0.66. Wanda bai san haka ba sai ya ce ya mutu. Mafi muni shi ne a cire shi a ɗaura sensa na gama-gari mai arha a gurbinsa saboda zaren ya shiga. Zai shiga, amma kwamfuta ba za ta fahimci yarensa ba. A duba lambar jikinsa, a sayi irinsa.

Shi ma sensan baya sai an gwada shi. A taka totur da ƙarfi sau ɗaya: ya kamata ya haura 0.8. A kan hanya, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya mota na gangarawa cikin giya: kwamfuta za ta yanke fetur, ya faɗo ƙasa da 0.2 nan take. Idan ya yi duka biyun, yana da lafiya. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: sensan baya da ya tsufa ya yi nauyin jiki yakan ɓoye gazawar indomi ne, don layinsa a kwance yake kamar na lafiyayya. Shi ya sa canza shi ba ya cika kashe P0420, wani lokacin ma sabon ne ke sa fitila ta fi saurin dawowa. Sikana mai ɗan ƙarfi tana da shafin Mode 6, inda za ka ga sakamakon gwajin da kwamfutar ta yi da iyakar da aka yanke. Nan za ka san ko da ƙyar ta faɗi ko ta yi nisa.

Gwajin auna zafin gaba da baya da bindigar auna zafi, a ce dole baya ya fi zafi, ba na dogara da shi. A injin zamani da ke ƙona fetur da kyau, bambancin kan yi ƙanƙanta ko da indomi lafiya lau take.

Toshewa kuma wani ciwo ne daban, kuma P0420 ba ta auna shi. Alamarsa mota ta tashi lafiya, amma da ka hau titin Kazaure zuwa Ɗambatta ka nemi wuce tirela sai ta ƙi, kamar an riƙe ta, giya na ta neman sauka. A kwance sensan gaba a ɗaura agogon matsi a ramin. A silo kada ya wuce wajen psi 1.5, a juyi 2,500 kada ya wuce 3. Indomin da ta narke ko ta farfashe dole ta fita, babu wata dabara. A injin Nissan mai lita 2.5 na farkon shekarun 2000, irin na X-Trail, an san garin indomin da ke manne da manifol yana komawa cikin silinda ya cinye ringi, don haka a wannan injin ba a jinkiri.

To, an tabbatar ta gaza. Saura a san me ya kashe ta, in ba haka ba sabuwar ma hanyar za ta bi.

A motar da ta yi nisan tafiya, babban wanda ake zargi shi ne baƙin mai. Yana ɗauke da sinadaran fosforas da zink don kare ƙarfe, kuma idan ya ƙone sukan lulluɓe fuskar indomi, ba kuma sa fita. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a cika mai zuwa layi, a rubuta kilomita, a sake dubawa bayan 1,000. Injin Toyota mai lita 2.4, 2AZ-FE, na RAV4 ta 2006 zuwa 2008, ya yi suna wajen shan mai ta ringi, kuma mizanin da kamfanin ya yi amfani da shi wajen gwajinsa ya kai kusan lita ɗaya a kilomita 2,000. Shuɗin hayaƙi da safe yana nuna robobin bawul, shuɗi a kan hanya kuma ringi. Kafin a tsorata, a duba ƙaramin bawul ɗin PCV da ke kan murfin inji. Abu ne mai arha, kuma idan ya maƙale yana tura mai cikin inji. A kwance filogogi a jera su bisa tsarin silinda, kowanne zai nuna abin da ke faruwa a ɗakinsa: mai jiƙe da mai, mai baƙin toka, ko wanda ya yi fari tas fiye da 'yan'uwansa, alamar ruwa na shiga.

Ruwan lagireto shi ne na biyu. Motar da ta taɓa tafasa, tana shan ruwa ba a ganin inda yake zuba, tana farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari, gaskit ɗin kan inji ne. Haka gam ɗin silikon da ake lafta wa haɗin salansa ko manifol, shi ma yana lalata sensa da indomi.

Sai fetur. Mai dalma, wanda shi ne dafin indomi na asali, an daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006. Abin da ya daɗe yana damunmu shi ne yawan farar wuta a cikin mai, har ƙungiyar ECOWAS ta amince a 2020 da a rage ta zuwa kashi 50 cikin miliyan. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo Nijeriya a Fabrairun 2022 ba. A yankinmu kuma, inda gidan mai kan yi nisa, jarkar 'yan bumburutu ce ke ceton matafiyi, kuma ba ka san abin da jarkar ta ɗauka jiya ba. Farar wuta tana da sauƙi ɗaya: tana iya sakin indomi idan ta yi zafi sosai. Idan salansa na warin ruɓaɓɓen ƙwai, fitilar kuma ta kama bayan ka sha mai a wani sabon wuri, ka ƙarar da shi, ka cika tanki a gidan man da ka amince da shi, ka yi tafiya mai tsawo ba tsayawa, kamar zuwa Kano da dawowa, sannan a sake gwaji. Indomin da ke bakin iyaka takan farfaɗo da haka. Wadda baƙin mai ya lulluɓe ko ta narke, ba ruwan kwalba ko wankin omo da zai dawo da ita.

Da damina kuma a kiyaye afka wa ruwa mai zurfi da salansa mai zafi, sanyin farat ɗaya yana tsaga tangaran. Da kaka kada a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa ko tarin kara a bakin gona, zafin tukunyar ya isa ya tayar da gobara.

Idan an kashe tushen ciwon, sai maganar saye. Ta asali da aka ciro daga wata motar, irin da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ta fi sabuwa marar suna, muddin ka haska tocila ta gefe ɗaya ka ga ramukan a buɗe, fuskar ba narkewa, ba toka mai kauri, ba ƙara idan an girgiza, ba kuma sabuwar walda a cikinta. Araha ba ta ado: sababbin da ake sayarwa da rahusa ƙarfen mai tsada kaɗan ne a cikinsu, sukan kashe fitila na ɗan lokaci ta dawo. A duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Idan ta ambaci Kalifoniya, kwamfutar motar ta fi tsanani wajen gwaji, ƙaramar indomi ba za ta gamsar da ita ba. A sa sababbin gaskit. Tsohuwar kuma taka ce, ka karɓe ta a hannu, masu sayen ƙarafa suna biyan kuɗi a kanta ko da ta mutu.

Akwai masu ɗaura wani guntun ƙarfe da ke janye sensan baya daga hanyar hayaƙi don fitila ta mutu, akwai masu fasawa su zubar. Na san kuɗi ne ke kai mutum ga haka. Amma hayaƙin da indomi ke tacewa yana ɗauke da iskar nan marar wari da ke kashe iyalai idan an kwana da janareta a ɗaki, kuma wanda ya fi shaƙar na jif shi ne yaron da ke kujerar baya idan robar but ta saki, da mai tallan da ke tsaye a bayanta ranar kasuwa. Idan babu halin saye yanzu, fitila a tsaye take, mota na da ƙarfinta, babu toshewa, babu mis, gara a bar tsohuwar a wurinta. Ko da ta faɗi gwajin kwamfuta, tana rage wani abu. Sai dai a riƙa jona sikana duk lokacin juyen mai, domin fitilar da ke kunne kullum ba za ta sanar da kai sabon laifi ba.

Bayan gyara ne ake goge lambar, kuma mutuwar fitila a bakin gareji ba hujja ba ce, domin kwamfuta ba ta sake gwajin ba tukuna. A tashi da inji mai sanyi, a bar shi ya yi zafi, a hau kwalta a riƙe gudu tsakanin kilomita 60 da 90 na wajen minti 15 ba tare da wasa da totur ba, a ɗaga ƙafa sau biyu ko uku mota ta gangara da kanta. A maimaita washegari. Sannan a buɗe shafin da ke nuna gwaje-gwajen da kwamfuta ta kammala. Idan na indomi ya nuna an gama, kuma babu P0420 ko a cikin masu jiran tabbaci, sai a biya makanike cikon kuɗinsa.